Gazawar Ƙoda a Arewacin Nijeriya: Musabbabai, Jinkirin Ganowa da Tsadar Dogaro da Wankin Ƙoda

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bitar abin da binciken likitanci ya tabbatar game da gazawar ƙoda, ta kuma auna shi da halin da ake ciki a Arewacin Nijeriya, tare da ba da kulawa ta musamman ga yankin Gashuwa na Jihar Yobe. Ta dubi hawan jini, ciwon sukari, gado, magunguna masu cutar da ƙoda da kuma zafin rana. Matsayar maƙalar ita ce, yawan mace-macen da ake samu ya fi alaƙa da makarar gano cutar, kuma kuɗin da ake kashewa kan injinan wankin ƙoda ba zai rage asarar rayuka ba muddin ƙananan asibitoci ba sa yin gwaje-gwajen farko.

Muhimman kalmomi: gazawar ƙoda, hawan jini, wankin ƙoda, dashen ƙoda, Gashuwa.

Gabatarwa

Kowace ƙoda tana ɗauke da ƙananan matatai kusan miliyan ɗaya. A kowace rana ƙodojin biyu suna tace ruwan jini da ya kai lita 180, su mayar da kusan dukkansa cikin jiki, su fitar da lita ɗaya da rabi a matsayin fitsari. Ban da tacewa, ƙoda ce ke daidaita gishiri da ruwan jiki, tana da hannu wajen daidaita ƙarfin bugun jini, ita ce kuma ke samar da sinadarin da ke sa ɓargo ya yi jajayen ƙwayoyin jini. Shi ya sa mai gazawar ƙoda yakan haɗa kumburi da hawan jini da ƙarancin jini a lokaci guda.

Likitoci sun kasa gazawar gida biyu. Akwai ta farat ɗaya, wadda ke aukuwa cikin sa'o'i ko kwanaki, kuma sau da yawa tana warkewa idan an kai ɗauki da wuri. Akwai kuma mai daɗewa, wadda ake tabbatar da ita idan ma'aunin tacewar ƙoda ya sauka ƙasa da 60, ko aka ga furotin a fitsari, har tsawon fiye da wata uku. Ita wannan an raba ta mataki biyar, kuma idan ma'aunin ya faɗi ƙasa da 15 an shiga matakin ƙarshe. Ƙididdigar cututtuka ta duniya ta shekarar 2017 ta nuna mutum kusan miliyan 700 ne ke da ciwon ƙoda mai daɗewa, kuma ya kashe kimanin miliyan 1.2 a wannan shekara. Bitar da Stanifer da abokan aikinsa suka wallafa a 2014 ta ƙiyasta yawan masu cutar a Afirka kudu da Sahara da kashi 13.9 cikin ɗari.

Hanyar Nazari

Nazarin ya dogara ne kan rubuce-rubucen da aka riga aka wallafa a mujallun likitanci da ƙa'idojin kula da masu ciwon ƙoda da ake aiki da su a duniya. An zaɓi abin da ya shafi Afirka ta Yamma kai tsaye, aka kwatanta shi da yanayin rayuwa da tsarin asibitocin Arewa.

Musabbabai

A ƙasashen Turai da Amurka ciwon sukari ne kan gaba, kuma cutar ta fi kama tsofaffi. A Nijeriya hawan jini da kumburin matatan ƙoda ne suka fi yawa, sukari na biye da su, waɗanda abin ya fi shafa kuwa matasa ne da magidanta masu ƙarfi a jika. Hawan jini da ƙoda suna cin juna: hawan jinin da ba a kula da shi ba yana ƙanƙance jijiyoyin matatai, lalacewar matatai kuma tana ƙara hawan jinin. Matsalar da ake yawan gani ita ce majinyaci ya sha magani na wata ɗaya, ciwon kai ya lafa, sai ya ajiye ƙwayoyin da tunanin ya warke.

Gado ma yana da nasa rabon. A 2010 masu bincike suka gano wasu sauye-sauye guda biyu a ƙwayar gado mai suna APOL1, waɗanda ke ba da kariya daga wani nau'in ciwon barci da ƙudan tsando ke yaɗawa, amma suna ƙara haɗarin ciwon ƙoda. Sun fi yawa a mutanen Afirka ta Yamma da zuriyarsu. Wani babban bincike da aka yi kan mutum fiye da 8,000 a Nijeriya da Ghana, aka wallafa a 2024, ya nuna cewa ko wanda ya gaji sauyi ɗaya kaɗai yana da ƙarin haɗari. Wannan ba ya nufin duk mai ɗauke da shi zai kamu. Abin da yake nufi shi ne gidan da aka taɓa samun mai ciwon ƙoda ya kamata sauran 'yan gidan su yi gwaji. Cutar sikila, ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B da C, kumburin mafitsarar maza da ke toshe fitsari, da tsargiya da ta daɗe ba a yi maganinta ba, duk suna iya kai mutum ga gazawar ƙoda.

Ɓangaren da ya fi buƙatar tsayawa a kai shi ne abin da mutane ke sha da hannunsu. Manomi ko lebura ko ɗan dako ya wuni yana aiki cikin rana, da yamma ya tsaya a kemis ya ce a haɗa masa maganin ciwon jiki. Sai a zuba masa ƙwayoyi huɗu ko biyar a ƙullin leda, babu suna babu ƙa'ida, kuma sau da yawa akwai diclofenac da ibuprofen ko piroxicam a ciki, dukkansu dangi ɗaya. Waɗannan magunguna suna rage jinin da ke shiga matatan ƙoda, illarsu kuma ta fi tsanani ga jikin da ya riga ya rasa ruwa. Idan abin ya zama na kullum, shekara da shekaru, ƙoda ce ke biyan bashin. Haka allurar gentamicin da ake yi barkatai, da man bilicin mai ɗauke da zaiba, da jiƙe-jiƙe da tsimi waɗanda ba a san abin da ke cikinsu ko adadinsa ba. Ba a cewa duk maganin gargajiya guba ne, amma wanda ƙodarsa ta fara rauni ba shi da sararin gwada abin da ba a auna ba.

Tarihi ya nuna irin ɓarnar gurɓataccen magani. A tsakanin 2008 da 2009, maganin haƙoran jarirai mai suna My Pikin, wanda ya gurɓata da sinadarin diethylene glycol, ya kashe yara aƙalla 84 a Nijeriya ta hanyar gazawar ƙoda ta farat ɗaya. A 2022 irin wannan ta faru a Gambiya da maganin tari, yara kimanin 70 suka rasu. Sauran musabbaban gazawar farat ɗaya sanannu ne a asibitocinmu: amai da gudawa, zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, saran kububuwa, jijjiga da zubar jini wajen haihuwa. Sau da yawa ƙarin ruwa ko ƙarin jini a kan lokaci yana taimakawa wajen ceton ƙodar.

Yankin Gashuwa

Likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri sun daɗe da lura cewa majinyata masu yawa suna fitowa daga ƙasar Bade da kewayenta, a bakin Kogin Yobe, kuma da yawansu ba su da sukari ko wani dalilin da aka saba gani. Yankin na manoman fadama ne da masunta, kuma a watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40. An yi zargin ruwan sha da ƙarafa masu guba irin su dalma da kadmiyam, an yi zargin magungunan feshi, an kuma kawo batun gado. Har yanzu bincike bai tsayar da dalili guda ba, kuma cibiyar binciken kimiyyar lafiya ta Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu tana aiki a kan lamarin.

Akwai abin koyi daga wasu wurare. A Nikaraguwa da El Salbado masu yankan rake suna fama da irin wannan ciwo, haka manoman shinkafa a arewa ta tsakiyar Siri Lanka. A Amurka ta Tsakiya shaidu da dama sun karkata ga aikin ƙarfi cikin zafi da yawan rasa ruwa, kuma shirin tanadar wa ma'aikata ruwa da hutu da inuwa ya rage raunin ƙoda a wasu gonakin rake. A ganin wannan maƙala, bai dace a jira ƙarshen bincike kafin a ɗauki irin wannan mataki a fadamun Yobe da Haɗeja ba, domin ba shi da tsada kuma ba ya cutar da kowa. Ɗora laifi kan abu ɗaya tun kafin hujja ta cika kuwa yana iya sa a yi sakaci da sauran.

Jinkirin Ganowa

Ciwon ƙoda ba ya ba da alama da wuri. Mutum yana iya rasa fiye da rabin aikin ƙodarsa yana ta harkokinsa. Kafin fuska da ƙafafu su kumbura, ga kasala da tashin zuciya da ƙaiƙayin jiki da shaƙuwa, an riga an yi nisa. A wannan lokaci wasu sukan ɗauka shawara ce ko sammu, a ƙara ɓata makonni ana neman magani a gida.

Gwaje-gwajen da ke kama cutar tun tana ƙarama guda uku ne: awon jini, tsoma tsinken gwaji a fitsari don ganin furotin, da auna kiriyatinin a jini. Biyu na farko ma'aikacin lafiya a asibitin sha-ka-tafi zai iya yinsu cikin 'yan mintuna. Ya kamata duk mai hawan jini ko sukari ko sikila, da macen da ta taɓa yin jijjiga, da wanda aka yi ciwon a gidansu, a yi musu aƙalla sau ɗaya a shekara.

Kulawa da Magani

Idan an gano da wuri, ana iya rage saurin lalacewar na shekaru masu yawa. Ana so awon jini ya tsaya ƙasa da 130 bisa 80. Magunguna irin su lisinopril da losartan suna rage zubar furotin, kuma gwajin da aka wallafa a 2020 ya nuna dapagliflozin yana kare ƙoda har ga marasa sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar gishiri ƙasa da giram 5 a rana, lissafin da dole ya haɗa da dunƙulen miya da kanwa. Mai ciwon da ya yi nisa ya tuntuɓi likita kafin azumi, musamman idan ya faɗo a bazara, kuma shari'a ta yi wa majinyaci rangwame.

Wankin ƙoda ya fara a Nijeriya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas a 1981. Ƙa'idarsa sau uku a mako, awa huɗu kowane zama. Bitar da Ashuntantang da abokan aikinta suka wallafa a 2017 ta nuna cewa fiye da rabin manyan da suka fara wanki a Afirka kudu da Sahara sun daina, galibi saboda rashin kuɗi. Tallafin Gwamnatin Tarayya ya sauko da kuɗin zama ɗaya daga kimanin naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta, ciki har da na Maiduguri. Sauƙi ne na gaske, amma zama goma sha biyu a wata ya kama naira 144,000, fiye da ninki biyu na mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, ban da kuɗin mota da allurar ƙarin jini da gwaje-gwaje. A nan ne iyalai ke sayar da gona da dabbobi, daga baya wankin ya koma sau ɗaya a mako, sannan ya tsaya.

Dashe ya fi wanki ba da tsawon rai da walwala. An fara shi a Asibitin St. Nicholas da ke Legas a 2000, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya biyo baya a 2002, na Maiduguri kuma a 2010. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta cinikin sassan jiki, don haka ana dogaro ne da ɗan'uwan da ya ba da tasa kyauta. Wanda aka yi wa dashe zai sha maganin hana jiki ƙin sabuwar ƙodar har ƙarshen rayuwarsa, kuma katsewar wannan magani saboda tsada na iya lalata aikin gaba ɗaya. Saboda haka tsarin inshorar lafiya na ƙasa da na jihohi ya kamata ya ɗauki nauyin waɗannan magunguna, jihohin Arewa kuma su buɗe rajistar masu ciwon ƙoda da za ta riƙa rubuta garin kowane majinyaci da sana'arsa da tushen ruwan shansa, domin da irin wannan bayani ne masu bincike za su iya gane abin da ke faruwa a Gashuwa.