Bakhita: Waliyyar da ta Ce "A'a"

A ranar 29 ga Nuwamba 1889, wata kotu a ƙasar Italiya ta yanke hukunci a kan wata budurwa 'yar Sudan mai kimanin shekara ashirin. Uwargijiyarta, matar wani attajiri mai suna Michieli, tana so ta koma da ita Sudan. Budurwar kuwa ta ƙi fita daga gidan sistocin Kanosiya na birnin Benis, inda aka ajiye ta tare da yarinyar da take reno. Kotun ta ce dokar Italiya ba ta san bauta ba, don haka babu mai ikon tilasta ta.

An haife ta a Darfur wajejen 1869, cikin ƙabilar Daju. Tana ƙarama masu farautar bayi suka sace ta, firgici ya sa ta manta sunan da iyayenta suka raɗa mata. Waɗanda suka sace ta ne suka sa mata Bakhita, wato "mai sa'a" da Larabci, suna mai kama da ba'a. An sayar da ita sau da dama. A gidan wani janar Baturke aka yi mata tsaga 114 a jiki, aka riƙa cusa gishiri a cikin raunukan don tabon ya zauna. A 1883 wani ƙaramin jakadan Italiya a Khartum ya saye ta, daga bisani ya tafi da ita ƙasarsu.

Rayuwarta bayan shari'ar ba ta da hayaniya. An yi mata baftisma a Janairun 1890 da sunan Josephine, ta zama sista a 1896, sannan ta shafe shekaru fiye da arba'in a garin Schio tana girki da tsaron ƙofa. Ta rasu ranar 8 ga Fabrairu 1947. A Cocin Katolika, walittaka ba shaidar jama'a kaɗai ba ce. Sai an binciki rayuwar mutum da mu'ujizar da ake danganta masa, sannan Fafaroma ya ayyana. Na Bakhita ya zo a 2000, a hannun John Paul na Biyu.

Abin da masu wa'azi suka fi ambato game da ita shi ne yafiya. An ruwaito ta ce da za ta gamu da waɗanda suka sace ta, da ta sumbaci hannayensu, domin ta dalilinsu ta san Kristi. Maganar tana da nauyi, amma tana da haɗari idan aka raba ta da abin da ya faru a 1889: za ta iya zama haƙurin da ake ɗora wa wanda aka zalunta, azzalumi kuma ya tafi salin-alin. Bakhita ta yafe ne bayan ta ƙi komawa, kuma bayan doka ta tsaya mata.

Da alama cocin ta fara karkata ga wannan fahimta. Tun 2015, a zamanin Fafaroma Francis, ranar rasuwarta ta zama ranar addu'a da wayar da kai kan fataucin mutane, kuma ƙungiyar sistoci ta Talitha Kum tana aikin ceto mata daga hannun masu safara. A Darfur kuwa, inda aka sace ta, yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya sake kawo rahotannin sace mata da 'yan mata.