Kaptar na injin katafila: yadda ake gano matsalar lantarki kafin a sayi sabo

A wuraren aikin hanya da gina gadoji, da wuraren fasa dutse na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, injin haƙa ɗaya in ya tsaya, motocin ɗaukar ƙasa da leburori duka sun tsaya. Sau da yawa injin kansa lafiyarsa lau, ɗan ƙaramin abu ne da makanikai ke kira kaptar ya aika wa kwamfutar injin labarin da ba daidai ba. Ga abin da ya kamata direba da mai injin su sani.

Mene ne kaptar?

Manyan injunan zamani na Caterpillar, Komatsu, Volvo ko SANY suna da kwamfuta, wadda a garaji ake kira kalkilatar. Ita ke ƙayyade yawan gazuwal da lokacin fesa shi. Kaptar su ne idanunta: akwai na zafin ruwan radiyatar, na ƙarfin man inji, na iskar turbo, na ƙarfin gazuwal, da na saurin juyawar inji. In labarin ya tsinke ko ya fita hankali, kwamfutar takan kunna fitilar gargaɗi ta rage wa injin ƙarfi don kare shi. In labarin saurin juyawa ne ya ɓace gaba ɗaya, injin ba zai ma tashi ba.

Kaptar na ƙarfin mai ko iska yawanci waya uku gare shi: ɗaya tana kawo volt 5 daga kwamfuta, ɗaya ita ce mas, ta ukun tana mayar da labari, tsakanin kamar volt 0.5 zuwa 4.5. Na zafi galibi waya biyu ne, kuma juriyarsa, da ake aunawa da om, tana raguwa yayin da zafi ke ƙaruwa.

Karanta lambar matsala

Yawancin injunan nan suna bin ƙa'idar J1939, wadda ke ba kowace matsala lamba biyu. SPN tana faɗin wurin, FMI tana faɗin irin matsalar. SPN 100 ƙarfin man inji ne, 102 iskar turbo, 110 zafin ruwa, 190 saurin juyawa. Caterpillar na amfani da CID maimakon SPN a injunansa da dama. Lambar na fitowa a allon gaban direba, ko a na'urar bincike da ake kira baliz, irin Cat ET ko INSITE na Cummins.

FMI ita ce ta fi muhimmanci. FMI 3 na nufin wuta ta yi sama fiye da kima, 4 ta yi ƙasa, 5 waya ta tsinke, 2 kuma labarin yana zuwa yana yankewa. Waɗannan duka suna nuna waya, fish ko kaptar. Amma FMI 0 da 1 na nufin kwamfutar ta yarda da labarin, abin da ake aunawa ne ya wuce iyaka. Saboda haka SPN 100 tare da FMI 1 na cewa man inji ba shi da ƙarfi. A kashe injin nan take, a duba mai, a auna da agogon auna ƙarfin mai na hannu. Wanda ya ce ai kaptar ne ya ci gaba da aiki, yana iya ƙone injin baki ɗaya.

Matakan bincike

Na farko, batir. Manyan injunan suna aiki da volt 24, wato batir biyu na volt 12. In an kashe, a samu kusan volt 25, in injin na juyawa alternatar ya kai kusan 28. Batir mai rauni ko kan batir mai tsatsa yakan haifar da lambobi barkatai. A duba fizibil da wayar mas da ke ɗaure a jikin ƙarfe.

Na biyu, ido da hannu. A bi wayar tun daga kaptar, a nemi inda ta goge a jikin ƙarfe, inda zafin bututun hayaƙi ya ƙona ta, ko inda ɓera ya ci. A buɗe fish a duba ko akwai ruwa, koren tsatsa ko tsinken da ya koma ciki. A girgiza wayar ana kallon allo: in lambar tana zuwa tana tafiya, matsalar tana nan kusa.

Na uku, multimetir. A cire fish, a kunna makulli ba tare da tayar da inji ba, a auna ko volt 5 na isowa. In babu, sayen sabon kaptar asarar kuɗi ce. Kaptar da yawa suna shan wuta daga layi ɗaya, don haka ɗaya in ya haɗe yakan ja sauran ƙasa, lambobi uku ko huɗu su fito tare. Sai a riƙa cire su ɗaya bayan ɗaya. Wanda aka cire wutar ta dawo, shi ne mai laifin.

A injunan Caterpillar akwai gwaji mai sauƙi. In lambar FMI 4 ce, aka cire kaptar ta koma FMI 3, to waya da kwamfuta lafiya suke, kaptar ne ya mutu. In ba ta canza ba, a koma kan waya.

Kaptar na zafi kuwa, a gwada shi da sassafe kafin a tayar da inji. Zafin ruwa da na iska su zo kusa da juna. In ɗaya ya nuna digiri 80 alhali injin ya kwana a kashe, ƙarya yake yi.

In allon ya daina magana da kwamfuta, a cire batir a auna tsakanin wayoyi biyu na layin CAN. Om 60 ne daidai. In an ga 120, waya ta tsinke ko ɗaya daga cikin masu rufe layin biyu ya lalace.

Gyara da kariya

Waya da ta tsinke ba a murɗa ta da hannu a naɗe da salatif. A haɗa ta da maƙalli a matse da kyau, a rufe da robar da ke tsukewa da zafi, a ɗaure nesa da bututun hayaƙi. Kada a huda waya da allura don aunawa, ruwan damina zai shiga ta nan. Kada a tsallake kaptar da waya don fitila ta mutu, domin injin ya rasa mai gadinsa ke nan. A sayi kaptar da lambarsa ta asali, tunda biyu masu kama ɗaya na iya bambanta a awo.

Kafin walda a jikin injin, a cire batir da fish na kwamfuta. Kada a kwance bututun gazuwal injin na aiki: ƙarfinsa na wuce bar 1,600, yana huda fata. Wajen wanki, kada a nufi fish da ruwa mai ƙarfi.

Ƙurar hunturu, zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, da laimar damina duka suna cin robar waya. Direba ya rubuta lambar da ta fito da awoyin aikin injin kafin a goge ta, domin da ita makanike zai fara.