Noman Ciyawar Dabbobi a Faranti Ba Tare da Ƙasa Ba

Gabatarwa

Kamar yadda muka sani, daga watan Fabrairu zuwa faɗuwar damina, makiyaya da masu kiwon turke kan shiga mawuyacin hali. Ciyawar daji ta bushe ko gobara ta cinye, harawa da dusa sun yi tsada, shanu su rame, nono ya ragu. Wata dabara da ke rage wannan wahala ita ce tsirar da hatsi a cikin faranti da ruwa kawai, a ba dabba tsiron tun yana ɗanye. Ana amfani da ita a ƙasashe irin su Indiya da Kenya, kuma kayan aikinta ba su fi ƙarfin mutumin karkara ba.

Yadda Ake Shukawa

Hatsin da ya fi dacewa da yankinmu shi ne masara, sai alkama da sha'ir a inda ake samun su. Ana bin waɗannan matakai:

1. A zaɓi hatsi mai kyau, a wanke, a zubar da wanda ya taso saman ruwa. Kada a yi amfani da irin shuka da aka cuɗa da magani, domin guba ne ga dabba.
2. A jiƙa shi na awa 12 zuwa 24, sannan a tsane.
3. A rufe shi da jiƙaƙƙen buhu na kwana ɗaya ko biyu har ya fara tsira.
4. A baza shi a farantin roba mai huji a ƙasa, kada kaurinsa ya wuce santimita 2.
5. A jera farantan a kan kanta cikin rumfa mai inuwa da iska, a ɗan karkata su domin ruwa ya riƙa tsiyayewa.
6. A riƙa yayyafa ruwa mai tsafta sau uku zuwa huɗu a rana.

Cikin kwana 7 zuwa 8 tsiron zai kai kimanin santimita 20, saiwoyinsa sun sarƙe kamar tabarma. Dabba na cin ganyen da saiwar da ƙwayar baki ɗaya. Wanda ya tanadi faranti takwas yana shuka ɗaya kullum, zai riƙa ɗaukar ɗaya kowace safiya.

Amfaninta da Iyakarta

Kilo 1 na masara yakan ba da kilo 5 zuwa 6 na ɗanyar ciyawa. Ba ta buƙatar gona ko taki, ruwan da take sha kaɗan ne idan aka kwatanta da noman rani, kuma mata na iya yin ta a cikin gida.

Sai dai wajibi ne mu faɗi gaskiya: mafi yawan wannan nauyi ruwa ne. A cikin kilo 6, kimanin kilo 5 ruwa ne, kuma ƙwayar kan ƙone wani ɓangare na garinta wajen tsira. Saboda haka ciyawar faranti ƙari ce a kan harawa, kara da dusa, ba madadinsu ba. Ta fi amfani ga saniya mai ba da nono, tunkiya ko akuya mai shayarwa da ragon turke. A fara ba dabba kaɗan-kaɗan har cikinta ya saba. Idan masara ta yi tsada, a yi lissafi kafin a zuba kuɗi.

Gargaɗi

Kada a tsirar da dawa domin wannan aiki. Ƙaramin tsiron dawa na ɗauke da guba mai kashe dabba cikin ɗan lokaci, kamar yadda makiyaya suka sani game da gyauronta.

Haka kuma a kiyayi funfuna. Zafin bazara da rashin iska kan sa faranti ya yi funfuna ko wari, kuma gubar wasu nau'o'inta na iya bi ta nono ta kai ga mutane. Duk farantin da ya lalace a zubar da abin da ke ciki, a wanke shi sosai, a shanya a rana.

Kira

Muna kira ga masu unguwanni, dagatai da jami'an sashen gona na ƙananan hukumomi da su ƙarfafa wa ƙungiyoyin makiyaya da na mata gwiwa su fara gwaji da faranti kaɗan, tare da neman shawarar malaman gona da likitocin dabbobi, kafin su faɗaɗa.