Ajin da Ke Haifar Likita: Matsayin Tsangayar Ilimi a Jami'o'in Arewa

Duk shekara idan jami'o'i suka fara sakin sunayen waɗanda suka samu gurbi, akwai wata magana da ake maimaitawa a zaurukan gidaje tun daga Sakkwato har Maiduguri. Yaro ya nemi karatun likita, makinsa bai kai ba, ko kuwa ya kai amma gurbi ya cika, sai jami'a ta tura shi Tsangayar Ilimi ya karanci koyar da bayoloji ko kemistiri. Ya dawo gida ransa a ɓace. Mahaifinsa, ko wani kawunsa ɗan boko, ya rarrashe shi: "Karɓi ka shiga, ɗana. In Allah ya kai mu baɗi ka sake JAMB, ko a nema maka canji." Haka yaron zai shiga aji ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje. In canjin bai samu ba, bayan shekara huɗu a miƙa masa digiri a sana'ar da bai taɓa so ba, a kuma damƙa masa 'ya'yan mutane.

Abin da wannan maƙala ke son tabbatarwa shi ne, ƙarancin likitoci da malaman jinya da ungozomomi da ake kuka da shi a Arewa ba daga ƙofar asibitin koyarwa ya faro ba. Ya faro ne daga ajin sakandare, ajin nan kuwa a Tsangayar Ilimi da kwalejojin horar da malamai ake ƙera mai tsayawa a gabansa. Jami'ar da ta ɗauki karatun lafiya da muhimmanci, ta mai da karatun malanta matattarar waɗanda aka rasa inda za a kai su, tana sare reshen da take zaune a kai ne.

Da ba haka abin yake ba. Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921, makarantar horar da malamai ce, kuma ita ce ƙololuwar karatun boko a Arewa a zamaninta. Sai an tace an zaɓo yaro daga lardinsa kafin ya shige ta. Ahmadu Bello ya fito daga cikinta ya koyar a Midil ta Sakkwato, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya koyar a Midil ta Bauci. Malam Aminu Kano, wanda ya yi karatu bayan kwalejin ta koma Kaduna, ya koyar a Bauci da kwalejin horar da malamai ta Maru, ya kuma jagoranci kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa. Shehu Shagari ma da alli ya fara. A wancan lokaci likita ɗan Arewa da ƙyar ake samunsa, Dakta R. A. B. Dikko, wanda asibitin koyarwa na Barau Dikko da ke Kaduna ke ɗauke da sunansa, shi ne na farko. Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe a 1962, tsangayarta ta koyon aikin likita ta biyo baya a 1967, kuma 'yan Arewan da suka fara cika ta, ita da takwarorinta na Maiduguri da Sakkwato da Kano daga baya, sun taso ne a hannun malaman da aka zaɓo daga cikin haziƙai.

Rahoton kwamitin Ashby kan ilimi mai zurfi na 1960 ya ga wannan dangantaka sarai, shi ya sa aka kafa manyan kwalejojin horar da malamai irin na Zariya da Kano, aka ɓullo da takardar shaidar malanta ta NCE. Amma da shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya zo, yaran da suka cika makarantu sun zarce ƙiyasi nesa ba kusa ba, sai aka koma horar da malamai cikin gaggawa. Buƙatar yawa ta rinjayi buƙatar inganci. Albashi ya riƙa makara, darajar sana'ar ta zube, har aka kai ga iyaye suna jinkirin ba malamin firamare auren 'yarsu.

Alƙaluman shiga makaranta sun isa shaida. Jarrabawar JAMB maki 400 ce. A 2024 mafi ƙarancin makin da aka amince da shi don shiga jami'a 140 ne, na kwalejojin ilimi kuwa 100, wato kashi ɗaya cikin huɗu. Mai neman likitanci a kowace jami'ar da ta amsa sunanta ya san ko ya ninka wannan ɗarin sau biyu bai tsira ba. A cikin jami'a ɗaya ma, makin sassan Tsangayar Ilimi galibi shi ne a ƙasa. Ba ina cewa maki shi kaɗai ke nuna hazaƙa ba. Na koyar da ɗaliban da suka shigo da maki kaɗan suka fita zakaru. Amma idan ƙasa ta yi shekaru tana shelanta cewa kashi ɗaya cikin huɗu ya wadatar ga mai son koyar da 'ya'yanta, yara masu ƙoƙari sun ji saƙon, iyayensu ma sun ji.

Bambancin da ya fi damuna shi ne na yadda ake horar da su bayan sun shiga. Ɗalibin likitanci shekara shida yake yi. Hukumar MDCN mai kula da likitoci ita ke ƙayyade wa kowace jami'a yawan ɗaliban da za ta ɗauka, bisa yawan malamanta da gadajen asibitinta da ɗakunan gwaje-gwajenta, kuma jami'ar da ta ƙetare iyaka tana jefa ɗalibanta cikin haɗarin rasa lasisi. Bayan karatun ƙirar jiki da aikin gaɓoɓi, ɗalibi yakan shafe wajen shekara uku yana bin manyan likitoci ɗaki-ɗaki, yana ɗaukar tarihin majiyyaci, ana tsare shi da tambaya a bakin gado a gaban 'yan uwansa. Wanda ya faɗi jarrabawar ƙwarewa fiye da yadda aka yarda, a sallame shi. Ko bayan ya gama, lasisin wucin gadi ake ba shi, sai ya yi shekara guda yana aiki a ƙarƙashin manya, da albashinsa, kafin a sakar masa mara. Masu karatun jinya da harhaɗa magunguna da gwajin jini da gashin ƙashi su ma kowanne da hukumarsa, da shekaru biyar ko fiye, da shekarar horo.

Ɗalibin malanta kuwa shekara huɗu yake yi, kuma abin da ke haɗa shi da aji na gaske shi ne koyarwar gwaji, makonni goma sha biyu ko zango guda, gwargwadon tsarin jami'a. Na sha zuwa duba irin waɗannan ɗalibai. A wata makarantar je-ka-ka-dawo ta 'yan mata na iske ɗaliba tana koyar da kemistiri ga aji mai ɗauke da yara sama da tamanin, wasu a kan benci, wasu a kan tabarma. Darasin na auna asid da alkali ne, wanda ake yi da bututun gilashi ana ɗiga ruwa har launi ya juya. Ta zana bututun a allo da kyau, ta rubuta launin da za a gani, yara suka kwafa. Bayan an tashi na tambaye ta ko ta taɓa yin gwajin da hannunta. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Malam, sau ɗaya, a aji ɗaya na jami'a, mu goma sha biyu a kan bututu guda, ni na riƙe littafi." Malamar da ya kamata ta zauna a bayan aji ta gyara mata, tun ranar da 'yan gwaji suka iso ta miƙa mata ajin ta tafi hutu. Ni kuma da ɗalibai fiye da talatin a wuyana, warwatse a ƙananan hukumomi uku, sau biyu kacal na gan ta. Yarinyar tana da basira da son aikin. Mu ne muka tura ta fagen fama hannu rabbana.

A cikin yaran nan tamanin akwai waɗanda asibitocin karkara ke jira. Kafin yarinya ta shiga karatun likita, ko digirin jinya, sai ta kawo kiredit biyar: Ingilishi, lissafi, fizis, kemistiri da bayoloji. Wadda aka koya wa kemistiri da zanen allo, ko dai ta faɗi, ko a "taimaka" mata a ɗakin jarrabawa ta zo da kiredit ɗin da ba nata ba, aji ɗaya na jami'a ya tona asiri. Daga nan a mai da ita Tsangayar Ilimi, ta fita ta koyar da abin da ya kayar da ita. Haka abin ke zagayawa. Kuma a yankin da mata da yawa, da mazajensu, ba sa sakin jiki da namiji a ɗakin haihuwa, kowace yarinyar da ta faɗi a nan giɓi ce a asibiti. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mata 512 ke rasuwa a cikin kowace haihuwa 100,000 a Nijeriya, kuma sanin kowa ne nauyin ya fi danne Arewa.

Akwai hujjoji biyu daga cikin gida da ke nuna inda gyara ke yin tasiri. A 1977 Jihar Kano ta buɗe makarantun sakandaren kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, ta ba su hukuma tasu, ta tace ɗalibai da jarrabawa, ta nemo ƙwararrun malamai har daga ƙetare, ta cika ɗakunan gwaje-gwaje. Duk wanda ya san asibitocin Kano da Jigawa ya san yawan likitocin da suka fito daga Dawaki. Na biyu, shirin horar da mata ma'aikatan lafiya da aka fara a 2012 a Kano, Katsina, Jigawa, Zamfara da Yobe da tallafin Birtaniya, ya tarar da cewa 'yan matan karkara ba sa iya cika sharuɗɗan shiga makarantun jinya da ungozoma. Sai ya buɗe musu ajin share fage, inda aka sake koya musu kimiyyar sakandare. Wato shirin lafiya ne, amma dole ta sa ya fara da aikin malamin makaranta.

Gwamnati ba ta zauna haka ba. An kafa Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya a Azare a 2021. Ministan Lafiya, Muhammad Ali Pate, ya bayyana a 2024 cewa likitoci kimanin 16,000 sun bar ƙasar cikin shekara biyar, an kuma faɗaɗa guraben horar da ma'aikatan lafiya daga 28,000 zuwa 64,000. Wannan abin a yaba ne. Sai dai gurbi ba ya cika kansa, kuma jihar da sakandarenta ba ta fitar da masu kimiyya, ko an gina mata tsangaya a ƙofar gida, 'ya'yan wasu ne za su zauna a ciki. A ɓangaren malamai, an ɗaga shekarun ritaya zuwa 65 da dokar 2022, a 2021 kuma an yi shelar alawus na naira 75,000 a kowane zango ga ɗaliban digirin malanta, an mai da kwalejojin ilimi na tarayya da ke Zariya da Kano jami'o'i. Duk waɗannan ba su taɓa ainihin yadda ake horon ba. Lokacin da Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawa a 2017, mutum 21,780 cikin kimanin 33,000 suka gaza. An yi ta cece-kuce kan sallamarsu, amma ba a ja dogon zance kan makarantun da suka ba su takardun shaida ba. An bar jaki ana dukan taiki.

Za a ce, in aka ɗaga makin shiga, azuzuwan Tsangayar Ilimi za su zama kufai, alhali ƙasa na ƙishin malamai. Wannan magana tana da nauyi, domin ɗaga maki shi kaɗai ba zai jawo kowa ba muddin albashi na nan yadda yake. Amma yawan masu takardar malanta da muke yayewa bai cike azuzuwa ba. Da dama suna sayar da waya a kasuwa ko suna jiran aikin kwastan. Gara jami'a ta ɗauki ɗari biyu ta horar da su da gaske, da ta ɗauki dubu biyu don kuɗin makarantarsu. Abin da zai jawo haziƙi kuwa mun taɓa yin sa: a zamanin kwalejojin horar da malamai, ɗalibi yana karatu ana ba shi alawus, aiki na jiran sa. Jihohin da ke sanya ɗaliban likitanci a albashi tun suna makaranta, bisa sharaɗin su dawo su yi wa jiha aiki, babu abin da zai hana su yin haka ga masu karatun koyar da lissafi da fizis da kemistiri.

Sauran darasin yana nan a harabar jami'a ɗaya, tsallaken titi, a tsangayar likitanci. Kamar yadda babu tsangayar likitanci sai da asibitin koyarwa, bai kamata a bar tsangayar ilimi ta yaye kowa ba sai tana da makarantun koyarwa nata, na gwamnati masu cunkoso irin waɗanda ɗalibin zai tarar, da gogaggun malamai da ake biya don su zauna a bayan aji su gyara masa. Hukumar rajistar malamai ta TRCN, wadda dokar 1993 ta kafa, ta samu ikon ƙayyade yawan ɗalibai, ta kuma riƙe cikakken lasisi sai bayan shekarar horo mai albashi. Jarrabawar kwamfuta ta yini ɗaya ba za ta nuna ko mutum ya iya tsayawa gaban yara tamanin ba.

Kirana ga majalisun jami'o'inmu da kwamishinonin lafiya da na ilimi na jihohin Arewa shi ne, su daina tura yaron da bai nemi malanta ba zuwa Tsangayar Ilimi don cike gurbi, kuma duk ranar da za a zauna kasafin sabuwar tsangayar likitanci, a ware kuɗin horar da malaman kimiyyar sakandare a cikin takarda guda.