Bionicle: Abin Wasan da Aka Sayar Ba a Ƙarasa Shi Ba

A shekarar 2001 kamfanin LEGO na garin Billund a ƙasar Denmak ya fitar da wasu mutum-mutumi shida na roba, kowanne a wargaje cikin gwangwaninsa, sai yaro ya zazzage ya harhaɗa da hannunsa. Sunayensu Tahu, Gali, Lewa, Pohatu, Onua da Kopaka. Ana ce musu Toa, jerin gaba ɗaya kuma Bionicle. An daina yin su a 2010, aka sake gwadawa a 2015, aka kuma tsaya a 2016. Duk da haka, yaran da suka tashi da su a Turai da Amurka, waɗanda yanzu da yawansu magidanta ne, ba su sake su ba. Suna farautar tsofaffin a hannun masu sayar da kayan gwanjo, suna gyara waɗanda suka karye, har sun keɓe ranar 10 ga Agusta ta kowace shekara don tunawa da su. Mai kallo daga nesa zai ce kewar ƙuruciya ce kurum, irin wadda kowa ke yi. A ganina bayanin ya fi haka zurfi, kuma yana cikin tarihin yadda aka ƙera abin. Bionicle ya zo wa yara ba a ƙarasa shi ba, a jiki da kuma a labari, su suka yi sauran aikin, kuma mutum ba ya saurin rabuwa da abin da guminsa ke ciki.

Sai an san halin da kamfanin yake ciki kafin a gane dalilin da ya sa ya yarda da wannan kasada. Wani kafinta mai suna Ole Kirk Christiansen ne ya kafa LEGO a 1932, da kayan wasa na katako ya fara, kuma a 1958 aka yi rajistar bulon roba mai ƙuraje a sama wanda duniya ta san kamfanin da shi. Shekaru arba'in wannan bulo yana ci da gidan. A ƙarshen shekarun 1990 sai kasuwa ta juya: yara sun koma wasan bidiyo, Pokémon na ƙasar Japan ya mamaye filayen makarantu, wasu kamfanoni kuma suna yin bulo mai araha. A 1998 LEGO ya bayyana asara a karo na farko. Kayan Star Wars da ya fara yi a 1999 sun karɓu ƙwarai, amma labarin na wasu ne, sai an biya masu shi kasonsu, cinikin kuma yakan faɗi a shekarar da ba a fitar da sabon fim ba. Kamfanin ya fahimci cewa yana buƙatar labari nasa na kansa. Ya fara lalube da wasu ƙananan halittu, Slizers a 1999 da RoboRiders a 2000, masu ƙira mai kyau amma ba su da tarihin da zai riƙe yaro ya wuce shekara guda. Daga wannan laluben Bionicle ya fito.

Cikin waɗanda suka tsara shi akwai Christian Faber, mai zane a kamfanin talla na Advance da ke Copenhagen. Faber ya sha faɗa cewa tunanin ya samo asali ne daga rashin lafiyarsa: yana da ƙari a cikin kai, yana shan magani kullum, sai ya riƙa ɗaukar maganin a matsayin ƙananan mayaƙa da ake tura su cikin wani ƙaton jiki maras lafiya. Shi ya sa a labarin, Toa shida suka iso gaɓar tsibirin Mata Nui cikin gwangwanaye masu kamar ƙwayar magani, don su tada wani babban ruhu, shi ma mai suna Mata Nui, da ɗan'uwansa Makuta ya jefa cikin barci. Gwangwanin da ke cikin labarin shi ne dai wanda yaro ya saya a kanti da kuɗin da bai wuce dala 7 ba. Jikin halittun ma sabon abu ne. Gaɓoɓinsu na da kai mai mulmule da ke shiga cikin gurbi ya juya, akwai giya mai haƙora a bayansu wadda in aka murza ta hannu zai ɗaga ya kai sara, a fuskarsu kuma akwai abin rufi da ake cirewa a mayar, wanda ake kira Kanohi. Ana iya wargaza Toa uku a haɗa ƙato guda da su. Tun daga takardar umarnin da ke cikin gwangwani ana nuna wa yaro cewa siffar da ya haɗa ɗaya ce daga cikin siffofin da kayan za su iya ɗauka.

Labarin kuwa ba a taɓa miƙa shi a dunƙule ba, kuma nan ne ƙarfin abin yake. Wani yanki yana cikin mujallar zane da DC Comics ke bugawa ana rabawa tare da mujallar LEGO, wani yana cikin ɗan faifan CD, wani a bayan kwali, wani a cikin ƙananan 'yan tsibiri da gidan abinci na McDonald's ya raba wa yara a 2001. An shirya babban wasan kwamfuta wanda zai ɗauki nauyin labarin shekarar farko, sai aka soke shi dab da fitowarsa. Nauyin ya faɗa kan wani ƙaramin wasa na intanet, Mata Nui Online Game, wanda kamfanin Templar Studios ya riƙa saki babi-babi cikin wannan shekarar. A ciki yaro ba jarumi ba ne. Shi ne Takua, ɗan ƙauye mai yawo daga gari zuwa gari, yana sauraron dattawa, yana karanta rubutu a jikin duwatsu da wasu haruffa masu da'ira waɗanda sai ya koye su, yana hango Toa daga nesa jifa-jifa. Yaron da ke son sanin abin da ke faruwa dole ya tattaro, ya kwatanta, ya tambayi abokinsa abin da shi ya gani. Babban sirrin ma an riƙe shi har ƙarshen 2008, lokacin da aka bayyana cewa babban ruhun nan Mata Nui wani ƙaton mutum-mutumi ne da ke kwance cikin teku, tsibirin yana bisa fuskarsa, biranen da aka yi ta ba da labarinsu kuma suna cikin jikinsa. Yaron da ya fara yana ɗan shekara takwas ya kai sha biyar kafin a ba shi amsa, sa'annan ya waiwaya ya ga alamun suna nan tun farko.

Kamfanin ya ƙara da buɗe wa yaran ƙofa. Greg Farshtey, wanda ya rubuta mujallun zanen da mafi yawan littattafan, ya yi shekaru yana amsa tambayoyin masu karatu ɗaya bayan ɗaya ta intanet, aka kuma shirya gasa inda halittun da yara suka haɗa da kansu suka shiga littattafan hukuma da suna da tarihi. Duk wanda ya ga yadda yaro ke riƙe motar karan da ya fiƙe da hannunsa, da yadda yake jefar da ta kanti bayan kwana biyu, ya san bambancin da ake magana.

Akwai mai cewa duk wannan ado ne aka yi wa kwaɗayin ciniki, kuma yana da hujja. Fuskokin Kanohi an yi su siffa-siffa, launi-launi, ana sayar da su biyu-biyu cikin ƙaramin kwali a rufe, mai saye bai san wadda zai samu ba. Labarin da kansa ya ce kowane Toa sai ya tara fuskoki shida, wato an saka umarnin saye a bakin tatsuniya. A 2002 aka kawo wasu halittu masu suna Bohrok, a 2003 Rahkshi, kusan duk ƙira ɗaya ce aka rina kala shida. Wannan ya yi kusa da caca, kuma ba na ganin daidai ne a wanke shi don kawai ya yi nasara. Nasarar kuwa babba ce: a 2003 da 2004, lokacin da LEGO ya tafka asarar da ta kusa kai shi ƙasa, har aka naɗa Jørgen Vig Knudstorp shugaba daga wajen iyalin masu kamfanin, Bionicle na cikin 'yan abubuwan da ke kawo riba, kamar yadda David Robertson ya nuna a littafinsa Brick by Brick na 2013. To amma dabarar kwali a rufe ba LEGO kaɗai ya yi ta ba. Kamfanoni da yawa sun yi a wannan zamanin, kayansu sun yi tashe shekara ɗaya ko biyu, yau ba mai tuna sunansu. Da cacar ce ke haifar da bege mai daɗewa, da su ma ana begensu. Dabarar ta bayyana dalilin da ya sa aka saya a 2001, ba ta bayyana dalilin da ya sa ake ajiye da su bayan shekara ashirin ba.

Wani kuma zai ce ai shekarun ake kewa, abin wasan sanadi ne kawai, shaida kuwa ita ce an dawo da shi a 2015 bai yi ƙarko ba. Ni wannan shaidar gefena na ga ta faɗo. Sababbin Toa sun fi na da kyawun ƙira da ƙarfin gaɓoɓi, an riƙe sunayensu shida, an ba su sabon tsibiri, Okoto. Abin da aka rage shi ne duhun labarin. An sauƙaƙa shi yadda za a fahimta cikin 'yan mintuna, ba wani abin tonowa, ba tambayar da za a kwana da ita. Sababbin yara ba su sami aikin yi a ciki ba, ga shi LEGO ya riga ya ba su kayan wasan Ninjago tun 2011 da shirinsa na talabijin, tsofaffin masoya kuma suka ga an dawo musu da jiki an bar abin da ya riƙe su. Cikin shekara biyu aka naɗe tabarmar.

Ƙorafin da ya fi nauyi daga New Zealand ya zo. Sunaye da yawa na shekarar farko an ɗebo su ne daga harshen Māori da 'yan'uwansa na tsibiran tekun Pasifik, ba tare da an tambayi masu harshen ba. 'Yan ƙauyen tsibirin, alal misali, an sa musu suna Tohunga, wanda a wurin Māori laƙabi ne na masani mai daraja a addini da magani da sana'a. A 2001 lauya Maui Solomon ya rubuta wa LEGO a madadin wasu al'ummomin Māori yana nuna rashin amincewa. Kamfanin ya aika wakili, aka zauna, aka sauya Tohunga zuwa Matoran, aka kuma canza rubutun wasu sunaye: Jala ya koma Jaller, Huki ya koma Hewkii. Wasu kalmomin, irin su Toa da Kanohi, aka bar su. Wasu masoya a lokacin sun ji haushin masu ƙorafin, wanda kuskure ne bayyananne. Gaskiyar ita ce wani kaso na kwarjinin da tsibirin Mata Nui ya yi wa yaran Turai da Amurka, wannan jin cewa wuri ne mai tsohon tarihi da dattawa da al'ada, aro ne daga mutane masu rai waɗanda suka daɗe suna fafutukar kare harshensu. Wannan bai rushe maganata ba, amma ya ƙara mata sharaɗi. In har masoyan na da'awar cewa suna da haƙƙi a kan Bionicle saboda aikin da suka zuba, to su ne ya fi kamata su gane haƙƙin waɗanda aka ɗauki kalmominsu, domin nasu aikin ya girmi kamfanin da ɗaruruwan shekaru.

Abin da masoyan ke yi yau ya fi kama da ci gaba da aiki fiye da zaman makoki. Labaran ƙarshe da Farshtey ke rubutawa bayan 2010 sun tsaya a tsakiya, sai masu karatu suka riƙa rubuta nasu ƙarshen. Wasan kwamfutar nan da aka soke a 2001 ya ɓullo a 2018, wasu masu sa kai suka zauna suka gyara shi har ya zama ana iya bugawa. Da aka daina tallafa wa manhajar Flash a ƙarshen 2020, wadda a kanta aka gina wasan Templar, sun riga sun adana shi ta yadda zai ci gaba da aiki. Robar ma tana da nata lalurar: gaɓoɓi masu launin kore mai haske na 2007 sun yi ƙaurin suna wajen tsagewa, don haka akwai masu musayar lafiyayyun, akwai masu ƙera madadinsu da injin buga abubuwa na roba, har da fuskokin da aka ambata a labari amma kamfanin bai taɓa yi ba. A 2023 LEGO ya fitar da ƙaramin Tahu da Takua a matsayin kyauta ga wanda ya yi sayayya mai yawa, an gina su da bulo na yau da kullum maimakon gaɓoɓin da aka san su da su. Masoyan sun karɓa da murna, amma kyauta ce ta ɗan lokaci, kuma ba ta zo da sabon babi na labarin ba.