Daga Ɓawon Itace zuwa Asfirin

A shekarar 1763 wani limamin coci a Ingila, Edward Stone, ya rubuta wa ƙungiyar masana ta Royal Society da ke Landan cewa ya busar da ɓawon itacen wilo, ya daka, ya bai wa masu zazzaɓi kimanin hamsin, suka sami sauƙi. Ya ga amfanin ɓawon, amma bai san dalili ba.

Sai a 1828 Johann Buchner ya tsamo sinadarin salisin daga ɓawon a Jamus. Bayan shekara goma Raffaele Piria ya sarrafa shi ya zama asid salisilik. Wannan ya rage zazzaɓi da kumburin gaɓoɓi, sai dai ba shi da daɗin sha, ga shi yana cin ciki. A 1897 Felix Hoffmann na kamfanin Bayer ya ɗaura masa wani ɗan guntun sinadari mai suna asitil, a 1899 kuma aka fito da shi kasuwa da sunan asfirin.

Duniya ta yi shekara saba'in tana shan wannan magani ba tare da sanin yadda ya ke aiki ba. A 1971 John Vane ya gano cewa asfirin yana hana jiki yin furostagilandin, watau sinadaran da ke kawo kumburi da ciwo da zazzaɓi. Wani inzayim ne, saikulo'oksijines, ya ke haɗa su. A 1975 bincike ya nuna cewa guntun nan da Hoffmann ya ƙara shi ne ke liƙe wa inzayim ɗin, ya toshe shi. Vane ya sami lambar Nobel a 1982.

Wannan sani ya bayyana illar maganin kuma. Furostagilandin suna cikin abin da ke kāre bangon ciki, saboda haka ƙofar da sauƙi ke shigowa ta nan gyambon ciki ke shigowa. Haka nan asfirin yana hana jini saurin daskarewa, abin da ya sa a ke ba wasu masu ciwon zuciya kaɗan-kaɗan.

Tsakanin takardar Stone da binciken Vane akwai shekara 208. Shaidar masu sha ta isa ta nuna itace yana da magani, amma ba ta isa ta faɗi wanda zai cutar ba. Wannan sai bincike.