Iƙrari da Haƙƙin Wanda Ake Tuhuma a Shari'o'in Fyaɗe da Zina a Arewacin Najeriya

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin kariyar da doka ta tanadar wa wanda ake tuhuma da fyaɗe ko zina a Arewacin Najeriya, ta fuskar yadda ake karɓar iƙrari. An bi hanyar nazarin matanin dokoki da hukunce-hukunce biyu na kotunan ɗaukaka ƙara na Shari'a. Binciken ya gano cewa tsananta hukunci ba tare da gyara matakin karɓar iƙrari ba yana cutar da wanda ake tuhuma, kuma yana raunana ƙarar wadda aka zalunta.

Muhimman kalmomi: fyaɗe, zina, iƙrari, shubuha, i'izari.

1.0 Gabatarwa

Tushen dokar fyaɗe a Arewa shi ne sashe na 282 na Kundin Final Kod na 1960. A shekarar 2000 Zamfara ta fara aiki da kundin hukunce-hukuncen Shari'a, wasu jihohi suka bi sahu. Dokar hana cin zarafin mutane (VAPP) ta 2015 ta faɗaɗa ma'anar fyaɗe har ya shafi namiji, ta kuma tanadi ɗaurin rai da rai. A 2020 Kaduna ta ƙara da dandaƙa da kisa ga wanda ya yi wa ɗan ƙasa da shekara 14 fyaɗe. Tunda irin wannan hukunci ba ya warwaruwa, wajibi ne a tambayi ingancin hujjar da ake gina shi a kai. Fyaɗe laifi ne da galibi ake aikatawa a ɓoye, shi ya sa masu bincike ke karkata ga neman iƙrari.

2.0 Tanadin Tsarin Mulki da Dokokin Shaida

Sashe na 36(5) na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗauki kowa a matsayin marar laifi har sai an tabbatar da akasin haka. Sashe na 36(6) ya ba wanda ake tuhuma damar sanin tuhumar cikin harshen da yake ji, da ɗaukar lauya, da yi wa shaidu tambayoyi, da samun tafinta kyauta. Sashe na 35(2) kuwa ya halatta masa yin shiru har sai ya gana da lauya.

Dokar Shaida ta 2011 ta ɗora wa mai gabatar da ƙara nauyin kawar da duk wani kokwanto mai ma'ana, kuma sashe na 29 ya hana karɓar iƙrarin da aka samu ta hanyar tursasawa. Dokar gudanar da shari'ar laifuka (ACJA) ta 2015 ta tanadi ɗaukar bayani a gaban lauya ko jami'in hukumar ba da agajin shari'a, tare da damar naɗarsa a bidiyo. Matsalar tana wajen aiki: mutumin da Hausa kawai yake ji kan dangwala yatsa a kan bayanin da ɗan sanda ya rubuta da Turanci. Idan daga baya ya musanta, sai kotu ta buɗe ƙaramar shari'a a cikin babbar don tantance ko da son ransa ya yi, lokaci na tafiya, shi yana tsare, ita kuma mai ƙara tana zirga-zirga.

Sai dai Dokar Shaida ba ta bar wa lauyan kariya fili ya yi yadda ya ga dama ba. Sashe na 234 ya hana tono tarihin mu'amalar mai ƙara da wasu maza sai da izinin kotu.

3.0 Matsayin Fiƙihun Malikiyya

A fiƙihu zina tana tabbata ne da shaidu huɗu adilai da suka gani da ido, ko da iƙrari, Malikiyya kuma ta ƙara da bayyanar ciki ga marar miji. Wanda ya yi zargi ya kasa kawo shaidu, bulala 80 ta ƙazafi na kansa. Mai iƙrari yana da damar janyewa, shubuha tana kawar da haddi, kuma dole alƙali ya yi i'izari, wato ya tambayi wanda ake ƙara ko yana da sauran hujja kafin yanke hukunci.

Shari'o'i biyu sun gwada waɗannan ƙa'idoji. A 2001 wata kotu a Gwadabawa ta yanke wa Safiya Hussaini hukuncin jefewa kan zina. A Maris 2002 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Sakkwato ta soke shi, daga cikin dalilanta har da cewa abin da ake zargi ya riga dokar fara aiki. A 2002 kotun Bakori ta yanke wa Amina Lawal irin wannan hukunci, kotun Funtuwa ta tabbatar. A ranar 25 ga Satumba 2003 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Katsina ta rushe shi da rinjayen alƙalai huɗu cikin biyar. Ta ce an hana ta janye iƙrari, alƙali ɗaya ya zauna ba tare da mutum biyun da doka ta ce su zauna da shi ba, sannan ba a kore yiwuwar kwantaccen ciki daga tsohon mijinta ba. Abin lura shi ne daga cikin fiƙihun kansa aka zaƙulo hujjojin kariyar.

4.0 Kammalawa da Shawarwari

Dokar ƙasa da fiƙihun Malikiyya sun haɗu a kan cewa iƙrarin da ba a tsare sharuɗɗansa ba hujja ce mai rauni. Idan an dogara da shi kaɗai, marar laifi na iya halaka, mai laifi kuma na iya kuɓuta a matakin ɗaukaka ƙara saboda sakacin masu bincike. Don haka maƙalar ta ba da shawara jihohi su wajabta naɗar iƙrari a bidiyo a duk tuhumar da hukuncinta ya kai ɗaurin rai da rai, a rubuta bayani da harshen mai bayanin, a samar da lauya tun daga ofishin 'yan sanda, sannan a gaggauta gwajin likita domin ƙara ta tsaya a kan hujjar da musun wanda ake tuhuma ba zai rusa ta ba.